Kwamfutar da Ba Ta San Shugaba Ba

Kwamfuta shida wani banki ya bai wa Ƙungiyar Tsoffin 'Yan Dakon Jirgin Ruwa ta unguwar Ablogame da ke birnin Lome, kuma da ba a kawo su nan ba bola za a kai su. Wata biyu suna jibge a zauren ƙungiya, iskar teku tana cin su da tsatsa, kafin a tuna cewa marigayi Fo Kuma, mai tuƙa injin ɗaga kaya, ya bar 'ya a kasuwar Dekon tana gyaran kwamfuta. Sunanta Enyonam, shekarunta talatin da takwas. Ba ta da yawan magana, kuma ba abin da ta tsana kamar mutum ya tsaya a kanta tana aiki yana koya mata.

Abin da shugaban ƙungiyar, Papa Sossavi, ya yi ke nan tun ranar farko. Dogon tsoho ne mai tumbi, da agogon zinariya da ya daina tafiya tun bara. A zamanin aiki shi ke tsayawa a ƙofar tasha da takarda a hannu, ya nuna wanda zai yi dako yau da wanda zai koma gida da yunwa. Yanzu kowa ya tsufa, amma har gobe shi ne ya san ƙofar ofishin da ake ƙwanƙwasawa in takardar fansho ta maƙale. Ya taɓa zuwa kwas na mako uku a Faransa, kuma shekara arba'in bai gama ba da labarin ba.

Da Enyonam ta goge abin da ke cikin kwamfutocin ta sa musu Linux, sai ya tambaye ta inda takardar lasisi take. Ta ce masa babu, wannan babbar manhaja kyauta ce, mutane ne a duniya suka taru suka rubuta ta, kowa na iya ɗauka, ya karanta cikinta, ya gyara in ya iya. Ya dubi tsoffin da ke zaune a benci, ya ce to sun ji, an kawo musu sadaka. Araha ba ta ado. Shi a Faransa bai ga mai mutunci yana amfani da abin da ba a saya ba. Tsoffin suka yi dariya daidai lokacin da ya kamata su yi. Enyonam ta ci gaba da ɗaura wayoyinta. A ranta ta ce, mutumin da bai san inda ake kunna abin ba shi ne ke raina shi.

An ce za a riƙa rubuta wasiƙun fansho da kwamfutocin, a kuma ga jikokin da ke ƙasar waje. Mako biyu aka yi ana ɗoki, daga nan aka lulluɓe su da zane. Ranar wata Asabar da ta zo dubawa, Fo Anani ya ja kujera kusa da ita. Gajeren tsoho ne mai karyayyen yatsa, abokin mahaifinta, kuma shi kaɗai ne a zauren take gaisarwa da zuciya ɗaya.

“Davi,” ya ce mata, yadda ake kiran mace cikin girmamawa a garin, “wannan akwatin naki ba ya wasa? Ko shi ma ɗan fansho ne?”

Ta buɗe rumbun manhajoji, ta shiga sashen wasanni, ta juyo masa da fuskar kwamfutar. Ɗaruruwa ne, duk kyauta. Ta sauke masa wani inda tsuntsun ƙanƙara ke sulalowa daga kan dutse da ciki yana cafke kifi. Tsoffin suka taru, suka ce mutumin da ya yi shekara talatin yana sauke daskararren kifi daga jirgi ba za a ce ya zo ya yi ta kamun kifi da tsuntsu ba. Ta sa na tseren mota, hannuwansu suka kasa. Ta sa karta, suka ce ba irin tasu ba ce. Ta sa darar Turawa mai sarki da doki, suka ce wannan ta lauyoyi ce. Abin da suke so adi, darar nan ta katako mai gurbi goma sha biyu da 'ya'ya arba'in da takwas, wadda suka yi ta bugawa a inuwar jirage suna jiran aiki.

Kwana uku tana nema. Ta rubuta adi a rumbun, ba komai. Sai a wani zauren tattaunawa na intanet ta ga 'yan Abijan suna kiran wasan awale, da ta rubuta wannan sunan sai ga guda uku. Na farko ƙa'idarsa ta wata ƙasa ce, yana kwashe 'ya'ya inda ba a kwashewa. Na biyu kyakkyawa ne, katakonsa har sheƙi yake, amma tsofaffin kwamfutocin suka ƙi ɗaukarsa. Na uku mummuna ne, allo launin ƙasa da ɗige-ɗige, sai dai yana zuba 'ya'ya yadda ake zubawa a Lome, yana cin biyu da uku yadda ake ci. Shi ta sa a duka shidan.

Nan da nan aka yaye zannuwan. Zauren da a da sai an yi rasuwa yake cika ya koma cika tun ƙarfe uku na rana. Mai soya doyar nan da ake kira koliko ta matso da kaskonta bakin ƙofa. Kwamfutar tana cin su, suna zaginta, suna sakewa. Fo Anani ya fi kowa naci, ya koyi riƙe linzamin kwamfuta da karyayyen yatsansa, a mako na biyu ya fara cin ta.

Papa Sossavi bai taɓa ba. Shi ne gwanin adi na tashar gaba ɗaya, shekara talatin da huɗu ba a ci shi ba, akwai ma hoto a bango yana riƙe da kofi. Enyonam ta san yadda aka yi wannan kofin. Mahaifinta ba wanda ke iya zama gabansa a unguwarsu, amma duk ranar da ya buga da Sossavi sai ya dawo gida ya ce an ci shi, yana murmushi, washegari kuwa sunansa na kan takardar aiki. Tana yarinya ta fahimci abin. Wanda bai fahimta ba har yau mutum ɗaya ne.

Da surutun kwamfuta ya ishe shi, sai ya sanar cewa ranar Asabar zai koya wa akwatin sadaka ladabi. Ya zo da farar riga, aka kawo masa kujera mai hannu. Bai yarda ya taɓa linzami ba, sai ya nuna gurbi da sandarsa Enyonam ta danna masa. Ya fara da tara 'ya'ya a gurbi ɗaya, salon da ya ce shi ya ƙirƙiro, yana bayani yana zuba karin magana. Kwamfutar ba ta san shi ba, ba ta da takardar fansho a wani ofis. Ta bar shi ya tara, ta zagayo ta kwashe masa gurbi huɗu a jere. Cikin minti bakwai wasa ya ƙare.

Papa Sossavi ya ce yana gwada ta ne. Aka sake, ta ci shi. Ya ce hasken taga na dukan idonsa, aka rufe taga, ta ƙara cin shi, wannan karon 'ya'ya tara kacal ya samu. Wani mai suna Fo Mesan, wanda aikinsa a ƙungiya shi ne yi wa shugaba tafi, ya yi sauri ya ce shi ya ga wata ƙwaya ta yi tsalle daga gurbi zuwa gurbi. Sai kowa ya gani. Papa Sossavi ya miƙe ya ce dama ya faɗa, abin da ba shi da mai shi ba shi da amana, kuma 'yar Kuma ce ta koya wa injin maguɗi don ta tozarta shi.

Enyonam ta naɗe wayar da ke hannunta a hankali.

“Papa, duk abin da wasan nan yake yi a rubuce yake, kuma a buɗe. Ka kawo wanda ka yarda da shi ya karanta.”

Ya kawo. Ɗan ƙanwarsa ne, Selom, injiniya a wani kamfanin waya, magidanci mai 'ya'ya uku, mutumin kirki wanda bai iya karanta fuskar mutane ba. Ya zo ranar Laraba, ya zauna awa biyu yana bin rubutun wasan layi-layi, kawunsa na zaune gefe da ƙafa ɗaya kan ɗaya yana jiran hukunci. Da ya gama sai ya cire tabarau, ya ce a gaban kowa babu maguɗi ko kaɗan, aikin ma mai tsabta ne. Da a nan ya tsaya da sauƙi. Sai ya ƙara da cewa abin da ya ba shi mamaki, wasan yana da mataki takwas, kuma a na ɗaya yake, wanda aka yi don 'yan koyo.

Fo Mesan ya kama tari. Wani ya tuna yana da taro a coci. Papa Sossavi ya ce wa Selom ya gaida uwarsa, ya ɗauki sandarsa ya fita.

Ranar Juma'a da hantsi Enyonam tana shagonta tana hura ƙura daga cikin wata kwamfuta, sai ta ga an tare mata haske. Papa Sossavi ne, ya sauko daga babur ɗin haya, ba Fo Mesan, ba kowa. Ya zauna a kan benci ba a ce ya zauna ba. Ya yi ta kewaye-kewaye: ya tuna mahaifinta, ya ce ma'aikaci ne mai biyayya, ya ce ƙungiya kamar jirgi ce, in aka raina kyaftin kowa ya nutse. Ta bar shi ya yi, tana ci gaba da aikinta.

“Kin ce kowa na iya gyara abin nan,” ya ce a ƙarshe, yana duban titi.

“Na faɗa.”

“To ki gyara.”

Ta ajiye abin hura ƙurar ta dube shi sosai. Wannan ne mutumin da maza ɗari biyu suke sunkuyar wa kai kowace safiya. Ta yi tsammanin za ta ji haushi, sai ta ji babu ma abin da ya kai a ji haushinsa. Ta ce masa babu mataki ƙasa da na ɗaya, sai dai ta cire wa wasan tunani gaba ɗaya, ya riƙa zaɓen gurbi da ka, kamar kaza tana tsattsagar tsaba. Ta faɗa masa haka ne don ya ji kunya. Ya ce hakan ya yi.

Aikin bai ɗauke ta minti ashirin ba. A kwamfutar da ke kusa da taga ta yi shi, sauran biyar ta bar su yadda suke.

Ranar Asabar Papa Sossavi ya ci kwamfutar sau uku. Ya yi jawabi, ya ce ya kwana biyu yana nazarin dabarar injin, kamar yadda aka koya musu a Faransa, ya gano lagonsa. Aka yi tafi, Fo Mesan ya kawo kwalbar barasar sodabi. Daga nan shugaba ya ba da umarni cewa kwamfutar taga ta ofis ce, kada kowa ya taɓa, ya sa aka lulluɓe ta da sabon zane. Enyonam tana tsaye a baya tana cin koliko da yaji. Ta duba fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya. Duk sun ga yadda kwamfutar ta yi ta zubar da 'ya'yanta kamar mashayi, duk gwanaye ne, ba wanda bai gane ba. Kuma duk suna tafi.

Fo Anani ne kaɗai bai tafa ba. Shi a lokacin ya kai mataki na huɗu, kullum yana can kusurwa yana fama. Ya tashi ya shiga ɗakin ajiya, ya fito da tsohon allon katako, ya kakkaɓe shi, ya ajiye a gaban shugaba.

“Shugaba, ni injin nan kullum sai ya wahalar da ni. Tunda kai ka gano lagonsa, ka taimaka ka koya mini.”

Cikin ladabi ya faɗa, har da ɗan rusunawa, ba hanyar ƙi. Aka zuba 'ya'ya huɗu-huɗu. Papa Sossavi ya fara tara gurbinsa kamar kullum. Enyonam ta matso. Wajen zagaye na goma sha biyu aka zo inda Fo Anani zai iya kwashe gurbi uku, ko kuwa ya ɗauki na gefe ya buɗe wa shugaba hanya, yadda ya saba yi tun tana yarinya. Hannunsa ya tafi na gefen da kansa. Ya tsaya a sama. Papa Sossavi ya yi gyaran murya. Fo Anani ya ɗago ya dube shi, ya janye hannu, ya ɗebi ɗaya gurbin, ya zuba, ya kwashe. Daga nan bai ƙara ɗagowa ba sai da ya tara ashirin da tara.

Abin da ya biyo baya shi ya fi tsaya wa Enyonam a rai. Wani ya kece da dariya, sai zauren ya ɓarke. Fo Mesan, da bakinsa bai bushe daga sodabin murna ba, shi ya fi kowa, yana dukan cinya yana cewa shi tun shekarar da jirgin siminti ya kafe yake barin wasa da gangan. Kowa ya tuno ranar da ya bari. Wani ya yaye zanen kwamfutar taga ya zauna, ya ci ta cikin minti huɗu, mai koliko ma aka kira ta ta ci. Papa Sossavi yana zaune da farar rigarsa, ba wanda ya miƙa masa sanda. Fo Anani ne ya ɗauko masa, ya raka shi har bakin titi, ya tsayar masa da babur.

Enyonam ba ta yi dariya ba. Ta dubi tsoffin nan da suka ɓoye haƙoransu shekara talatin da huɗu, sai yau da wani ya kayar musu da shi suka fito da su, ta rasa wa ya fi wani ƙanƙanta tsakaninsu da shi. Ta ɗauki jakarta ta tafi.

Mako uku bai zo zaure ba, aka ce hawan jini ne. A cikin makonnin nan takardun mutum huɗu suka maƙale, aka je ofis aka dawo, aka sake zuwa, ba wanda ya san ƙofar. A mako na huɗu tawaga ta tafi gidansa dubiya da kaji biyu, Fo Mesan a gaba. Da zaɓen ƙarshen shekara ya zo, aka sake zaɓensa ba hamayya. Ƙudurin farko da ya kawo shi ne a goge wasanni daga kwamfutocin ƙungiya, domin suna cin wuta suna kuma zubar da mutuncin dattawa. Hannuwa suka tashi. Fo Anani ya bar nasa a cinya, aka rubuta cewa ya ƙaurace.

Enyonam ta zo ta goge. Amma tun daga wannan makon suka fara zuwa Dekon ɗaya-ɗaya, kowa da tsohuwar kwamfutar ɗansa ko ta surukinsa a cikin leda, kowa na leƙen baya kafin ya shigo, kowa na roƙon kada ta gaya wa sauran. Ta sa musu Linux, ta sa musu adi. Fo Mesan ya ce a ƙara masa da tsuntsun ƙanƙarar, wai don jikoki. Ta san jikokinsa duk suna Kotonu. Ta sa masa. Ta Fo Anani kuwa ita ta haɗa masa da kanta daga tarkacen shago, ta kai masa har gida.

Kwamfutar taga ba ta cikin waɗanda ta goge, domin shugaba ya riga ya kai ta gidansa, ya ce aikin ƙungiya zai riƙa yi da ita. Bayan Ista sai ga matarsa ta kawo ta a tasi, wata dattijuwa mai sanyin murya da ake kira Maman Ablavi. Ta ce ta daina kamawa, maigidan kuwa ya hana kowa sakat, don kullum bayan ya ci akume, tuwon masararsa na rana, sai ya buga wasa biyar kafin ya kishingiɗa.

Batirin ciki ne ya mutu, Enyonam ta canja. Da allon launin ƙasar ya bayyana, sai ta yi wa matar bayani a taƙaice: wasan nan ba shi da tunani, ita ta cire masa, in ana so za ta iya mayar masa yanzu.

Maman Ablavi ta daɗe tana duban ɗige-ɗigen. Ta gyara ɗaurin zanenta.

“Bar masa yadda yake, 'yata. Ni na huta. Kafin a kawo wannan, ni ce nake zama gabansa ina bari ya ci.”

Enyonam ta kashe kwamfutar, ta naɗe mata wayoyin, ta ɗauka ta kai mata har cikin tasi.